Lagireton Baba Hobart

Ranar da Arlis Stamper ya cire lagireton tsohuwar motar ubansa, kaji uku ne suka rasa gida. Motar ta shekara tara a bayan rumbun masara ba ta motsa ba, ciyawa ta fito ta tagoginta, kaji na yin ƙwai a mazaunin direba. Verlie, matar Arlis, tana shanya ta hango mijinta ya rungumo abin kamar jariri, ruwan tsatsa na ɗiga a wandonsa.

"Ina za ka da wannan?"

"Sama."

A Kwarin Sassafras idan namiji ya ce sama, ba a sake tambayarsa. Sama ita ce idon ruwan da ke cikin kurmi, inda Stamper bayan Stamper suka kafa tukunyar barasar masara tun kafin a shata hanya. Aikin ba wani ɓoyayye ba ne: a jiƙa masara ta yi tsami, a hura mata wuta, tururin ya bi ta cikin murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ke kwance a ruwan sanyi, ya ɗigo a kwalba. Bututun gidan Stamper ma'aikatan haraji masu farautar barasar ɓoye sun sassare shi da gatari shekara goma da suka wuce. Sabon jan ƙarfe sai an je gari, mai shagon kuma yana da tambayoyi da yawa da baki mara ƙofa. Arlis ya dubi lagireto ya ga bututu ne birjik, an riga an murɗa, kyauta.

Ubansa Hobart yana zaune a baranda kan kujerarsa mai lilo. Shekararsa saba'in da ɗaya, kuma har lardin da ke maƙwabtaka an san harshensa. Ya bi lagireton da ido.

"Da dalma aka liƙe wannan abin."

"Na wanke shi, Baba. Sau uku."

"Ka wanke shi sau ɗari. Dalmar ba a bayansa take ba, a cikin hanjinsa take."

"Zamani ya canza, Baba."

"Ciki bai canza ba."

Arlis ya gyara rungumarsa ya hau tudu.

Ya kamata a san wani abu game da Arlis: dattijon coci ne. Shekara uku ke nan da aka tsoma shi a kogi don baftisma, ya fito yana tari yana kuka, ya yi wa Ubangiji alkawari a gaban jama'a cewa ɗigon barasa ba zai sake shiga bakinsa ba. Ya cika alkawarin tsaf. Bai yi alkawarin ba zai zuba ta a bakin wasu ba, kuma Verlie na da yaƙinin tun a cikin ruwan ya auna kalmominsa.

Matsalar ita ce babu mai sayen barasar da mai yin ta bai ɗanɗana ba. To amma ga Hobart a baranda, ba ya aikin komai sai korar ƙuda.

Ranar Asabar da yamma aka sauko da tatar farko. Maza huɗu suka zo, gabansu Dewey Sizemore, mai gyaran zarto, wanda bai taɓa jin labari ya bar shi ya kwana ba. Arlis ya miƙa wa ubansa kwalbar. Hobart ya girgiza ta, ya ɗaga ta ga rana yana kallon yadda kumfa ke tsayawa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Fuskarsa ta yamutse.

"Ta yi zaƙi."

"Kun ji da kunnenku," in ji Arlis.

"Zaƙi fa," in ji Dewey, yana murza hannu. "Hobart Stamper da bakinsa."

"Kai jaki, ba yabo nake ba," in ji tsohon. "Barasar masara ta ƙwarai cizo take yi, ba ta zaƙi. Wannan zaƙin na dalma ne. Arlis, je ka zubar."

Maza suka kwashe da dariya. Sun san Hobart: bai taɓa yabon abin da ba shi ya dafa ba. Kafin a tashi coci washegari, duk kwarin ya ji cewa Arlis ya fi ubansa hannu, har tsohon ya amsa da bakinsa, kishi ne kawai ya hana shi ƙarasawa.

Ba za a wanke Hobart daga laifi ba. Da mutanen suka watse, kwalbar na nan a hannunsa da sauran rabi. Shekara uku yana zaune a gidan da aka haramta ko warin barasa, yana shan madarar shanu kamar maraƙi. Ya dubi kwalbar, kwalbar ta dube shi. Verlie na tsaye a ƙofar kicin.

"Baba, kai ka ce guba ce."

"Na faɗa, yarinya. Ban ce ba zan sha ba."

Haka abin ya zama al'ada. Duk Asabar a zaunar da tsohon a kujerarsa, a sa masa riga mai tsabta, ya shanye kofi guda a gaban masu saye. Arlis kuma ya bar masa kwalba ɗaya a ƙarƙashin kujera ta sauran mako, yana kiran ta ladan harshe. A coci ana nuna Arlis da yatsa: ga ɗan da ke kula da ubansa.

A wata na biyu ciki ya fara. Hobart zai naɗe a gado kamar an soka masa wuƙa, kwana huɗu bai zaga ba. Arlis ya ce waken Verlie ne bai dahu ba. Verlie ta shekara goma sha shida tana dafa wannan waken a wannan tukunyar, amma ta ƙara masa awa guda a wuta don a zauna lafiya. Ciki bai daina ba. Babban yatsan ƙafar tsohon ya kumbura ya yi ja, ko zanin gado ya taɓa shi sai ya zagi kakan wanda ya saƙa zanin. Arlis ya ce tsufa ce. Fatarsa ta koma kalar tokar murhu. Arlis ya ce ba ya fita rana. Aka fitar da shi rana, ya zama toka mai gumi.

A wata na huɗu cokali ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Verlie ta lura hannun ba rawa yake ba. Daga wuyan hannu zuwa yatsu ya saki ne, yana reto kamar safar da aka shanya.

Da Arlis ya hau sama, tsohon ya kira ta.

"Yarinya, zo ki ɗaga min leɓe. Nawa hannun ya yi yaji."

Ta goge hannunta a zani ta ɗaga. A gindin 'yan haƙoran da suka rage masa, inda dasashi ya haɗu da haƙori, akwai wani siririn layi shuɗi mai duhu, kamar an ja da fensir.

"Yana nan?"

"Mene ne?"

"Na ce yana nan?"

"Yana nan, Baba."

Ya jingina da kujera ya rufe ido. "Lonzo Caudill ya yi irinsa. Ba ki san shi ba, kina goye a lokacin. Shi ma lagireto. Ciki, sai ƙafa, sai hannu. Bayan hannu sai kai. Ya ƙare a ƙarƙashin gado yana yi wa matarsa haushi. Ni na haƙa kabarinsa."

"Babu magani?"

"An ce a asibitin gari suna da allurar da ke wanke jini. Idan an je da wuri."

Asibitin mil talatin ne, ta hanyar da ke bin gefen dutse. Verlie ba ta iya tuƙi ba, makullin akori-kurar gidan kuma yana kwana yana tashi a aljihun Arlis.

Ta fara da abin da hannunta zai kai. Ta ɗauke kwalbar ƙarƙashin kujera ta juye a bayan gida, ta cika ta da ruwan rijiya. Kurɓa ɗaya tsohon ya yi ya fesar.

"Wa ya yi min wannan rashin mutuncin?"

"Ni."

"Shekara hamsin ina harkar nan, babu wanda ya taɓa sayar min da ruwa."

"Ba sayar maka na yi ba, kyauta ne."

Ya zage ta, ya zagi dangin uwarta har na jihar Virginia, sannan ya zub da hawaye, abin da bai yi ba ko ranar da aka binne matarsa. Kullum sai ta juye, kullum sai ya zage ta. Amma kofin Asabar ba ta da iko da shi.

Ta tari Arlis a wurin faskare.

"Ka kai Baba asibiti."

"Me ya same shi?"

"Kai ka san abin da ya same shi."

"Tsufa. Ba a yi mata allura."

"Na ga layin a bakinsa. Dalma ce."

Arlis ya dasa gatari a kututture ya juyo da fuskar da yake karanta Littafi Mai Tsarki da ita ranar Lahadi. "Verlie, ki yi tunani da kanki, ba da bakin tsoho ba. Rabin kwarin nan suna sha. Kin ga an mutu? Babu komai a ciki. Likita kuma zai tambaya me ya sha, ya rubuta a takarda, takarda kuwa tana da ƙafa, kafin mu dawo gida ta riga mu zuwa ofishin 'yan sanda. Kina so ki ga mijinki a bayan ƙarfe? Ga hanyar nan ruwa ya cinye ta. Tayoyin baya sun yi sanƙo. Idan na jefa ubana a rami, ke za ki fara cewa na kashe shi."

"Tunda babu komai a ciki, ka sha kofi ɗaya mu gani."

"Na yi wa Ubangiji alkawari."

"Ubangijin bai ce komai a kan uba ba?"

"Ki kula da bakinki."

Ta kula da bakin nata har ƙarshen wata, lokacin da Lorene, ƙanwar Arlis, ta zo daga jihar Ohio a sabuwar mota mai kalar man shanu, da kek a cinya. Ta sumbaci ubanta a goshi, ta ce ya rame amma ramar ta yi masa kyau. Verlie ta ja ta kicin ta faɗa mata komai, har layin.

"Ga mota a ƙofa, Lorene. Awa biyu ne, zuwa da dawowa."

Lorene ta leƙa motar ta taga. "Kin ce yana amai?"

"Wani lokaci."

"Ba a ma cire ledar kujerun ba, Verlie." Ta yanka kek. "Baba yana sha tun kafin a haife ni. Irin su ƙarfe ne. Kuma ba zan shigo kwana ɗaya in koya wa Arlis yadda zai riƙe gidansa ba, shi da ya ɗauki nauyin Baba alhali kowa ya gudu. Zan sa shi a addu'a."

Ta tafi kafin rana ta karkata, ta bar rabin kek da warin turare.

Fasto Fugate ma ya zo. Ya dafa kan tsohon ya yi addu'a mai tsawo, har kajin da ke tsakar gida suka gaji suka kwanta. Ya ci cinyar kaza biyu da burodin masara. Verlie ta raka shi zuwa motarsa.

"Fasto, Arlis yana jin maganarka. Ka ce ya kai ubansa asibiti."

"'Yar'uwa Verlie, Ubangiji ya ƙidaya kwanakin kowa, likita ba ya ƙara ko ɗaya."

"Kai da ƙaya ta shiga idonka bara, ai gari ka je."

"Wannan ido ne." Ya gyara wani abu a aljihun kwat ɗinsa, abin ya yi ƙarar kwalba irin ta Arlis. Ya ga ta ji. "Matata ce ke fama da tari. Da zuma ake haɗawa."

Asabar ta zagayo. Verlie ta sa wa tsohon rigarsa mai tsabta, ta ɓalla masa maɓallan da kanta. Maza bakwai ne a baranda ranar, sunan barasar ya haura dutse. Arlis ya cika kofi ya miƙa. Hobart ya ɗago hannuwansa biyu, suka yi reto a gabansa kamar na kare mai roƙo. Ya gwada matse kofin da wuyan hannu, ya zube masa a cinya.

"Tsoho ya fara tun kafin mu zo," in ji Dewey. Aka yi dariya.

Arlis ya sake cikawa. Ya tallafi ƙeyar ubansa da hannun hagu, ya kafa masa kofin a baki da na dama, a hankali, kamar yadda ake shayar da ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu. Barasa na bin gemun tsohon. Idanunsa suna kan Verlie.

"Kun ga ɗa," in ji wani. "Nawa ko ruwa ba za su ba ni ba."

"Yaya take, Hobart?" in ji Dewey.

Tsohon ya daɗe yana neman kalmar, kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. "Zaƙi," ya ce.

Suka tafa masa. Dewey ya karɓi kwalbarsa, sai da ya sa hannu biyu kafin ya iya murɗa murfin.

Verlie ta koma kicin ta tsaya gaban murhu. Ta roƙi miji, ta roƙi 'yar tsohon, ta roƙi mai wa'azi. Kowannensu yana da dalili mai tsabta, gogagge, irin wanda za a iya sawa a je coci da shi. Idonta ya sauka kan gwangwanin sukari.

Arlis cokali ɗaya na sukari yake sha a ruwan kofinsa na safe, tun ranar aurensu. Ranar Litinin ta sa masa biyu. Ya shanye. Ranar Laraba ya lashe leɓe.

"Kin canza garin kofi?"

"Shi ne dai."

"Ya yi daɗi kwanan nan."

"Sha, akwai ƙari."

Mako biyu ta yi tana haka. Ta so ta kai uku, amma wata safiya ta tarar da Hobart yana kiran ta da sunan matarsa da ta mutu, yana tambaya ko an ɗaure alfadarin da aka sayar tun ana yaƙi. Bayan hannu sai kai. Ta wanke shi, ta sa masa rigar Lahadi da hularsa, ta zaunar da shi a baranda kusa da matakala. Ta sa nata takalmin fita. Sannan ta soya ƙwai, ta zuba wa mijinta kofi, ta zauna ta jira ya kai rabi.

"Arlis, yaya cikinka kwanan nan?"

"Lafiya. Me ya faru?"

"Babu murɗawa? Yatsan ƙafa fa?"

Ya ajiye cokali mai yatsu.

"Na ga kana yabon kofin," in ji ta. "Barasarka ce. Cokali uku kowace safiya, mako biyu ke nan. Na ce tunda alkawari ya hana ka sha da sani, bari ka sha ba da sani ba, Ubangiji ba zai kama ka ba. Ni zai kama."

Ta ga jini na barin fuskarsa tun daga goshi har wuya. Ya dubi kofin kamar maciji ne a ciki. Ya miƙe, kujera ta kife. Ya ruga gaban madubin aski ya ɗaga leɓensa da yatsu biyu, ya juya hagu, ya juya dama. Ya fita bayan gida, ta ji yana cusa yatsa a maƙogwaro, ƙwai da alkawari duk suka dawo. Ya shigo yana dafe da ciki.

"Yana murɗawa. Ga shi nan ya fara. Kin kashe ni, Verlie."

"Da me?"

"Dalma ce, mace. Kin san abin da dalma ke yi wa mutum? Ba ta fita. A ƙashi take zama. Hannu take ci, ta ci ƙoda, ta haukata mutum. Lonzo Caudill haushi ya yi kafin ya mutu."

"Ashe ka san Lonzo."

"Kowa ya san Lonzo."

"Ka ce babu komai a ciki."

Bai ji ta ba, yana lalubar aljihu. Makullin ya faɗi, ya ɗauka, ya dubi hannunsa da tsoro, ya yi waje.

"Hanya fa?" in ji ta a bayansa. "Ruwa ya cinye ta. Tayoyin sun yi sanƙo."

Injin ya tashi. Kafin ya juya kan motar Verlie ta riga ta sa kafaɗarta a hammatar tsohon. Nauyinsa bai fi na buhun gari ba. Ta buɗe ƙofa ta tura shi tsakiya, ta shiga ta rufe. Arlis bai ma dube su ba.

Mil talatin ɗin da suka gagara tsawon watanni, a minti arba'in aka cinye su. Tayoyi masu sanƙo suka riƙe gefen dutse kamar akuya. Arlis na tuƙi yana addu'a da ƙarfi, duk sunansa ne a ciki. Hobart ya jingina da Verlie, hularsa ta rufe ido ɗaya.

"Wa ya mutu?" ya tambaya.

"Ba kowa, Baba. Yawo muke."

A asibiti Arlis ya tsallake layi, ya wuce mace mai ciki da wani da zarto ya yanke, ya dafa tebur ya faɗa wa nas komai da bakinsa: lagireto, dalma, mako biyu, cokali uku. Takardar nan mai ƙafa, shi ya ba ta takalmi. Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗaga leɓensa ta haska.

"Taba ce kawai a nan, sai ƙwai." Ta leƙa bayansa, inda Verlie ke riƙe da tsohon. Ta ga hannuwan. Ba ta ma ɗaga leɓen ba, ta juya ta kira likita da sunansa na yanka.

Aka shige da Hobart a kan gado mai taya. Bayan awa guda likita ya fito ya zauna kusa da Verlie a benci. Ya ce za su riƙe shi mako uku, akwai allura. Ransa zai tsaya, hankalinsa ma da alama zai dawo. Ƙodarsa ta ci wuya. Hannuwan kuwa kada ta sa rai.

"Da an kawo shi wata uku da suka wuce," in ji shi, bai ƙarasa ba.

Arlis yana ƙarshen bencin, auduga a gwiwar hannu inda aka ɗebi jininsa.

"Ni fa, likita?"

"Sukari ne," in ji Verlie, ba ta juyo ba. "Cokali ɗaya na ƙara maka."

Ya daɗe bakinsa a buɗe. Abin da ya fara fitowa daga ciki shi ne: "Ƙarya kika yi wa dattijon coci."

Da wannan maganar labarin ya koma Kwarin Sassafras, kuma da ita ya zauna. 'Yan sanda sun hau sama da gatari, Arlis ya tsaya gaban alƙali da rigar Lahadi aka sake shi da gargaɗi, an yi la'akari da cewa shi ke kula da tsohon ubansa. A kwarin ba a ce Arlis ya shayar da ubansa guba wata shida da hannunsa ba. An ce Verlie ta yi wa mijinta ƙarya, ta jawo hukuma cikin kurmi. Ranar Lahadi matan da suke zama benci ɗaya da ita shekara goma sha shida suka matsa, suka bar mata fili kamar za ta shanya masara. Fasto Fugate ya yi wa'azin minti hamsin a kan harshen mace. Lorene ta aiko da kati mai hoton fure.

Duk sun san Lonzo Caudill. Wasu sun ɗauki makararsa. Sun ga hannuwan Hobart suna reto duk Asabar suka yi dariya, don dariya ta fi tambaya sauƙi, tambaya kuma za ta kai su ga kwalbar da ke ƙarƙashin nasu gadon. Wannan kwarin zai iya yafe wa mutum ya kashe ubansa da kofi-kofi, muddin ya sa masa riga mai tsabta ya tallafi ƙeyarsa. Abin da ba ya yafewa shi ne a faɗa. Kuma har yanzu akwai matattun motoci huɗu tsakanin gidan Stamper da gada, biyu daga cikinsu bakinsu a buɗe yake, an cire lagiretonsu.

Hobart ya dawo gida da hankalinsa da zaginsa. Hannuwan suna kwance a cinyarsa kamar na aro. Verlie ke ba shi abinci da cokali, ita ke share masa gemu. Arlis ya daina shan kofin da ba shi ya haɗa ba.

Wata safiya tana ba tsohon kunun masara a baranda, sai ga Dewey Sizemore ya zagayo ta bayan gida, ba ta hanyar da ake gani ba. Shi ne ya fi kowa yaɗa maganar ƙaryar Verlie, har da kwaikwayon muryarta. Ya tsaya a gindin matakala, hularsa a matse tsakanin wuyan hannuwansa biyu.

"Arlis ba ya nan," in ji ta.

"Ba shi nake nema ba." Ya dubi kaji, ya dubi rumbu. "An ce kin san wani layi."

"Zo ka ji zaƙi, jaki," in ji Hobart.

Verlie ta ajiye kwanon, ta goge hannunta a zani, ta sauko. Dewey ya rufe ido ya miƙa fuska kamar yaron da za a cire wa haƙori. Ta ɗaga leɓen ta duba, ta sake shi.

"Wa ke tuƙi a gidanku?"

"Surukina."

"Je ka ɗauko shi yanzu ya kai ka asibiti. Ku biya ta gidan Fasto. Matarsa tana fama da tari."